Rarake mazubi mai zurfi a injin juya katako

Rarake mazubi mai zurfi wani reshe ne na sana'ar juyin katako. Ana ɗaure gungumen itace a jikin inji, injin ya riƙa juya shi da gudu, mai aikin kuma ya zura ƙarfe mai kaifi ta baki yana cire cikin itacen har ya zama mazubi mai siririn bango. Ana cewa mazubi yana da zurfi idan zurfinsa ya fi faɗin bakinsa, kamar dogon kofi, gwangwanin ajiye ganyen shayi, tukunyar furanni, ko abin ado mai siffar tulu ko gora.

Aikin ya bambanta da juya kwano mai buɗaɗɗen baki ta fuska biyu. Ta farko, yayin da ramin ke ƙara zurfi, bakin ƙarfen yana ƙara nisa da wurin da ya dogara, sai ƙarfin itacen ya fara rinjayar hannun mai aiki. Ta biyu, idan bakin mazubin ƙarami ne, mai aikin ba ya ganin inda ƙarfensa ke yanka. Kusan duk kayan aiki da dabarun da aka ƙirƙiro a wannan fanni an yi su ne domin magance waɗannan matsaloli biyu.

Injin da sassansa

Injin juya katako yana da doguwar gada ta ƙarfe wadda sauran sassan ke zaune a kai. A hagun mai aiki akwai kan injin, inda sandar da ke juyawa take, kuma wutar lantarki ce ke juya ta ta hanyar bel. A damansa akwai wutsiyar injin, wadda ake matsowa don ta tokare itacen ko ta riƙe mahudi. Tsakaninsu akwai madogari, wato ƙarfen da ake aza kayan yanka a kai, kuma ana iya ɗaga shi, a sauke shi, ko a matsar da shi.

Ana ɗaure itacen a kan injin ta ɗayan hanyoyi biyu: ko dai da faifan ƙarfe da ake ɗaure shi da sukuru a gindin gungumen, ko da mariƙi mai muƙamuƙai huɗu da ke cafke wani dunƙule da aka fitar a gindin. A lokacin rarakewa dole ne a janye wutsiyar injin don a sami hanyar shiga, saboda haka gefe ɗaya kawai ke riƙe da itacen. Wannan ya sa ƙarfin ɗaurin yake da muhimmanci a nan fiye da sauran ayyukan juyi.

Itacen yana juyawa ne ta yadda samansa ke gangarowa wajen mai aiki. Don haka a cikin rami ana yanka ne a bangon da ke kusa da mai aikin, inda itacen ke tafiya ƙasa yana danne ƙarfen a kan madogari. Idan bakin ƙarfen ya tsallake tsakiya zuwa ɗaya bangon, inda itacen ke hawa sama, zai ɗaga shi ya wurga.

Tarihi

Juyin katako tsohuwar sana'a ce. Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan injin yana jikin bangon kabarin Petosiris a Tuna el-Gebel ta ƙasar Masar, wanda aka yi wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Hoton ya nuna mutum biyu: ɗaya yana jan igiya yana juya itacen, ɗayan yana riƙe da ƙarfen yanka.

A Turai ta tsakiyar zamani an yi amfani da injin sanda. Ana naɗa igiya a jikin abin da ake juyawa, a ɗaure samanta a wata doguwar sanda mai lanƙwasa, ƙasanta kuma a wani mataki da ake takawa da ƙafa. Itacen yana juyawa gaba idan an taka, ya koma baya idan an saki, kuma a juyin gaba kaɗai ake yanka. Da ƙarafa masu baki kamar ƙugiya ake rarake kofuna da kwanuka. A tonon da aka yi a unguwar Coppergate ta birnin York a Ingila, daga 1976 zuwa 1981, an sami ɗimbin ragowar cikin kofuna da kwanuka da masu juyi na zamanin Vikin suka jefar, kuma ana fassara sunan unguwar da "titin masu yin kofi". George Lailey (1869–1958) na Bucklebury shi ne ake ɗauka a matsayin na ƙarshe da ya rayu da sana'ar juya kwanuka a irin wannan inji a Ingila, kuma injinsa yana gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading.

A Japan, masu juyi na Yamanaka a lardin Ishikawa sun yi suna wajen rarake itace ta kan jijiya, kuma su da kansu suke ƙera ƙarafansu. Cikin abubuwan da suke yi akwai natsume, ƙaramin gwangwanin garin shayi mai murfi, wanda ya samo sunansa daga wani ɗan itace dangin magarya saboda kamannin da suke yi. A Rasha kuma, 'yar tsanar matiriyoshka, wadda ake saka ƙarama cikin babba, aikin rarakewa ce. Vasily Zvyozdochkin ne ya juya ta farko a shekarun 1890, Sergey Malyutin ya yi mata fenti.

Salon rarake mazubi mai faɗin ciki ta ɗan ƙaramin baki ya bunƙasa ne a Amurka a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Ed Moulthrop (1916–2003), wanda ya fara da sana'ar zanen gine-gine a Atlanta, ya haɗa injuna da dogayen ƙarafa na kansa, yana juya manyan mazubai masu siffar ƙwallo, wasu sun kusa mita ɗaya a faɗi. David Ellsworth, wanda aka haifa a 1944, ya ƙirƙiro lanƙwasassun ƙarafa a tsakiyar shekarun 1970 waɗanda suka ba shi damar rarake mazubi har bangonsa ya koma milimita biyu ko uku, ba tare da yana ganin ciki ba. Tukwanen yumɓu na 'yan asalin kudu maso yammacin Amurka sun yi tasiri a siffofin da yake fitarwa. Maƙalar da ya wallafa a mujallar Fine Woodworking a 1979 ta yaɗa dabarar. Shi ne kuma shugaban farko na Ƙungiyar Masu Juyin Katako ta Amurka, wato AAW, da aka kafa a 1986.

Abin da ya sa zurfi ke da wuya

Ƙarfen rarakewa yana aiki ne kamar sandar da ake ɗaga dutse da ita. Madogari shi ne wurin tokara, itacen yana danna bakin ƙarfen ƙasa, hannu kuma yana riƙe ƙota don kada ta tashi. Idan bakin ya wuce madogari da santimita 5, hannun kuma yana santimita 50 a baya, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin yankan ne kawai ke isa hannu. Idan bakin ya shiga santimita 25, hannun yana inda yake, rabin ƙarfin ne zai iso. Wato yankan da ba a jin nauyinsa a bakin mazubi ya ninka sau biyar a gindinsa. Shi ya sa ƙarafan rarakewa suke da doguwar ƙota da ake matsewa a ƙarƙashin hammata ko a jikin kwankwaso.

Matsala ta biyu ita ce lanƙwasar ƙarfen kansa. Sandar ƙarfe da aka riƙe ta gefe ɗaya tana lanƙwasa idan an danna bakinta, kuma lanƙwasar ba daidai da tsawo take ƙaruwa ba. Idan tsawon da ya wuce madogari ya ninka sau biyu, lanƙwasar tana ninka sau takwas. Idan kuma kaurin sandar ya ninka sau biyu, ƙarfin jurewarta yana ninka sau goma sha shida. Sandar da ta lanƙwasa tana komawa daidai ta sake lanƙwasa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, sai a ji ƙara mai tsini, a kuma ga tabo kamar haƙarƙari a bangon ciki. Maganin shi ne sanda mai kauri, amma ƙaramin baki ba ya barin sanda mai kauri ta shiga ta yi motsi. Saboda haka faɗin baki shi ne ke iyakance zurfin da za a iya kaiwa.

Na uku, gudun itacen ba ɗaya ba ne a ko'ina. A mazubi mai faɗin santimita 20 da ke juyi 800 a minti, bango yana wuce bakin ƙarfe da gudun kusan mita 8 a daƙiƙa, amma a daidai tsakiyar gindi gudun ya kusa sifiri. Wurin da ya fi nisa da madogari shi ne kuma wurin da itacen ya fi ƙin yankuwa.

Na huɗu, sassaƙe ba ya samun hanyar fita. Juyi yana manna shi a bango, ya taru, ya lulluɓe bakin ƙarfen, har ya iya kama shi ya murɗa.

Itace da jijiyarsa

Jijiyoyin itace zaruruwa ne da suka miƙe daga saiwa zuwa sama. Akwai hanya biyu ta ɗora gungume a kan inji. A ta farko, jijiyoyin suna bin tsawon injin, sai a rarake ta kan jijiya. Ita aka fi bi wajen dogayen mazubai, domin bangon yana da ƙarfi, kuma idan ya bushe ba ya karkacewa sosai. A ta biyu, jijiyoyin suna gicciye, kamar yadda ake juya kwanuka. Wannan tana fito da kyawun zanen itacen, amma mazubin yana komawa kamar ƙwai idan ya bushe.

Yanayin jijiya shi ne ke nuna inda yanka zai dosa. Ƙa'idar ita ce kowace jijiyar da ake yanka ta kasance tana da wata mai tsawo a bayanta da ke tokare ta, in ba haka ba sai ta tsage maimakon ta yanku. A rarakewa ta kan jijiya ana farawa daga tsakiya a nufi bango. A cikin buɗaɗɗen kwano mai gicciyen jijiya kuma ana farawa daga baki a gangara tsakiya.

Yawancin masu wannan aiki sun fi son ɗanyen itace, domin ya fi laushi, ba ya zafafa ƙarfe, kuma ƙurarsa kaɗan ce. Ana guje wa gungumen da ke da tsaga, ruɓa mai zurfi, ko ɓawon da ya nutse cikin nama, domin zai iya tarwatsewa a kan inji. Cibiyar itace, wato ɗigon da zobban shekaru suka kewaye, daga nan tsagewa ta fi farawa. Wasu suna yanke gungumen yadda ba za ta shigo ba, wasu kuma suna barin ta su rage kaurin gindi don ya iya motsi ba tare da ya fashe ba.

Kayan aiki

Mahudi. Ana ɗaura shi a wutsiyar inji a huda rami a tsakiya har zurfin da ake so. Ramin yana kawar da wurin da ya fi wuyar yanka, yana ba ƙarfe wurin farawa, kuma yana nuna inda gindi yake.

Miƙaƙƙen ƙarfe. Sanda ce da aka dasa ɗan ƙaramin haƙori a bakinta, mai faɗin milimita 5 zuwa 6, na ƙarfe mai jure zafi ko na kabaid. An ƙanƙanta haƙorin da gangan, domin ɗan abin da yake ci a lokaci ɗaya shi ne ke rage ƙarfin da ke kan sanda. Da shi ake buɗe tsakiya da gindi.

Lanƙwasasshen ƙarfe. Wuyansa yana lanƙwashe kamar na agwagwa don ya kai ƙarƙashin kafaɗar mazubi, inda miƙaƙƙe ba ya isa. A irin da aka fi yi, wuyan yana fita gefe ya dawo, har haƙorin ya tsaya daidai layin sandar, don kada itacen ya murɗa ta. Miƙaƙƙen sashen sandar kawai ake azawa a kan madogari. Idan aka aza lanƙwasar, ƙarfen zai kife nan take.

Ƙugiya da zobe. Waɗannan suna yanka ne kamar wuƙa, ba kankara suke yi ba, don haka suna barin bango sumul a kan jijiya, kuma suna da sauri. Sai dai suna da saurin cafka a hannun wanda bai ƙware ba. Wasu na zamani suna da 'yar hula a saman zoben wadda ke iyakance kaurin abin da zai ci.

Tsararren ƙarfe. Tsari ne da ake saka bayan sandar tsakanin wasu ƙarafa biyu a kwance, ta yadda za ta iya zuwa gaba, baya, hagu da dama, amma ba za ta tashi ko ta murɗe ba. Akwai kuma mai hannu da gaɓoɓi kamar gwiwar mutum, wanda ake ɗaurewa a gadar inji. A duka biyun injin ne ke ɗaukar nauyin yanka, mai aikin jagora kawai yake yi. Wannan ya buɗe fannin ga tsofaffi da waɗanda ba su da ƙarfin kafaɗa.

Matallafi. Zobe ne mai ƙananan tayoyi uku ko huɗu da ke rungumar dogon mazubi daga waje don ya daina rawa yayin da ake aiki a ciki.

Matakan aiki

1. Ana ɗora gungumen tsakanin kai da wutsiya, a juya shi a hankali har ya zama mulmulalle, sannan a gyara gindi don faifai ko mariƙi.

2. Ana ɗaure shi ta gindi, a fitar da siffar waje. Ana barin itace mai kauri a wajen gindi tukuna, domin shi ne zai riƙe mazubin a lokacin rarakewa.

3. Ana rage gudun inji a huda ramin tsakiya. Ana fitar da mahudin a kai a kai a share sassaƙe, domin idan ya cushe zai yi zafi ya maƙale. Ana tsayar da hudar kaɗan kafin gindin da ake nufi, a bar wurin gyara.

4. Ana matso madogari kusa da baki, a daidaita tsayinsa yadda haƙorin zai kasance daidai tsakiya ko sama da ita kaɗan. Idan yana sama kaɗan ya cafke, itacen zai ture shi zuwa fili. Idan yana ƙasa da tsakiya, zai ƙara nutsewa cikin bango.

5. Ana faɗaɗa ramin daga tsakiya zuwa waje da miƙaƙƙen ƙarfe, a sami wurin motsi.

6. Ana gama bango kashi-kashi, daga baki zuwa gindi. Ana kai santimita biyu ko uku na farko kaurin ƙarshe, sannan a matsa gaba. Ba a komawa wurin da aka gama, domin da zarar an cire itacen da ke bayansa, siririn bangon zai riƙa lanƙwasa, ɗanyen itace kuma ya riga ya fara sauya siffa.

7. Ana tsayar da inji sau da yawa a fitar da sassaƙe da lanƙwasasshiyar waya, iska mai ƙarfi, ko bututun hurawa, a kuma auna bango. Ba a shigar da ƙarfe ko a fitar da shi da gaggawa, domin taɓa leɓen baki yana iya fasa shi.

8. Ana share gindin ciki. Sau da yawa wani ɗan tsiro yana saura a tsakiya, kuma ana cire shi ne ta hanyar zuwa daga ƙarƙashinsa a ɗaga haƙori a hankali.

9. Ana ƙarasa siffar waje ta ƙasa, a juya mazubin a tokare bakinsa a wani katako da aka yi daidai da shi, a cire dunƙulen gindi.

Game da gudu, akwai ƙa'idar da malamin juyi Dale Nish ya yaɗa: idan aka ninka faɗin itace a inci da yawan juyi a minti, sakamakon ya faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Mazubi mai faɗin inci 10, wato kusan santimita 25, zai yi juyi 600 zuwa 900 a minti. Gungumen da bai daidaita ba, ko mai rauni, ana fara shi ƙasa da haka sosai.

Auna kaurin bango

Tunda ido ba ya ganin ciki, ana dogara da wasu hanyoyi. Mafi sauƙi ita ce waya mai tauri da aka lanƙwasa har bakinta biyu suka kusa haɗuwa, aka bar tazarar da aka sani. Ana zura baki ɗaya ciki ya taɓa bango, sai a duba ratar da ta rage a waje, a cire ta daga tazarar farko. Akwai kuma ma'aunin kauri mai siffar almakashi, wanda ɓangarensa na waje ke nuna abin da na ciki ya kama.

Kunne ma yana aiki. Bango mai kauri yana ba da amo mai nauyi, idan ya yi siriri amon yana ƙara tsini. A ɗanyen itace mai haske, ana iya haska fitila a bango: inda haske ya fi ratsawa nan ya fi siriri, kuma launi iri ɗaya yana nuna kauri iri ɗaya.

A tsararren ƙarfe ana ɗaura ɗan hasken leza a wani hannu da ke tafiya tare da sandar ta saman mazubi. Ana saita ɗigon hasken ya faɗi gefen haƙori da tazarar kaurin da ake so. Muddin ɗigon yana kan mazubi, da sauran itace. Idan ya zame ya faɗi gefe, an kai. Dole ne a sake saita shi duk lokacin da aka koma wani sashe na lanƙwasar bango, domin kauri ana auna shi ne a miƙe ta cikin bango. Wasu sun maye gurbin leza da kyamara da allo, inda ake zana siffar haƙorin a kan allon, sai a riƙa ganin inda yake kamar mazubin gilashi ne.

Kauri iri ɗaya ya fi siranta muhimmanci. Mazubin da wani sashensa ke da milimita 4 wani kuma 15 zai bushe ba daidai ba, kuma a mahaɗarsu yake tsagewa.

Bushewa da gamawa

Ɗanyen itace ba ya fara ƙanƙancewa sai damshinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Daga nan yana ƙanƙancewa ta kewayen zobban shekaru kusan ninki biyu na yadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo, a tsawo kuwa kusan ba ya raguwa. Wannan bambanci ne ke kawo karkacewa da tsagewa.

Hanya ɗaya ita ce a gama mazubin a zama ɗaya da siririn bango, a bar shi ya bushe ya ɗauki siffar da ya ga dama. Ɗayar kuma ita ce juyi biyu: a rarake shi a bar bango kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, a shafe waje da kaki ko a saka shi cikin jakar takarda, a ajiye shi watanni, sannan a mayar da shi kan inji a daidaita. Mazubi mai murfi yana bukatar wannan hanya, domin murfin ba zai zauna a bakin da ya karkace ba. Moulthrop ya bi wata hanya ta daban: yana jiƙa mazubansa cikin sinadarin PEG, wanda ke maye gurbin ruwan da ke cikin itace ya rage ƙanƙancewa. A wuraren da iska ke da bushewa ƙwarai, kamar lokacin hunturu a yankin Sahel, ɗanyen mazubi na iya tsagewa tun yana kan inji, don haka ana rufe shi da leda idan za a dakata.

Bayan bushewa ana goge waje da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a shafa mai, kaki ko fenti mai sheƙi. Itace ba ya riƙe ruwa na dogon lokaci ba tare da ya lalace ba, saboda haka tukunyar furanni ta katako akan saka mata kwalba a ciki.

Haɗari da kariya

Kuskuren da aka fi yi shi ne cafka, wato haƙori ya ci fiye da abin da hannu zai iya riƙewa. Sakamakon na iya zama tabo a ciki, fashewar baki, ko ficewar mazubin gaba ɗaya daga mariƙi. Na biyu shi ne huda bango ko gindi, wanda ke lalata aikin sa'o'i da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, kuma yawanci rashin tsayawa a auna ne ke jawo shi.

Itacen da ya fice daga inji yana iya karya ƙashin fuska, kuma an sami waɗanda suka rasa rayukansu ta haka. Ana sa garkuwar fuska cikakkiya, a kauce wa layin da itacen zai bi idan ya tashi, musamman lokacin kunna inji. Ba a zura yatsa, tsumma ko samfefa da hannu cikin mazubin da ke juyawa. Ana ɗaura samfefar a kan sanda. Ba a sa riga mai faɗin hannu, zobe ko abin wuya, kuma ana ɗaure dogon gashi ko mayafi. Kafin a kunna inji ana juya itacen da hannu a tabbata ba ya taɓa madogari, a kuma fara da ƙaramin gudu.

Ƙurar katako haɗari ce da ba ta nuna kanta da wuri. A 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya ta cikin rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo cutar daji ga ɗan Adam, musamman a hanci. Ƙurar wasu itatuwa, kamar loko, tana jawo asma da ƙaiƙayin fata. Ana sa abin rufe hanci mai tace ƙura, a kuma yi aiki inda iska ke wucewa.

Kwatanci da sassaƙar ƙasar Hausa

Masassaƙan ƙasar Hausa sun daɗe suna rarake mazubai masu zurfi, kamar turmi, akushi da kwangon ganga, amma da hannu, ta amfani da gatari da gizago. A nan itacen yana zaune ne, ƙarfen ke motsi, akasin injin juyi. Ana zaɓar itace mai tauri irin ƙirya don turmi, a bar masa bango da gindi masu kauri saboda dukan taɓarya. Sassaƙar hannu ba ta bukatar wuta, kuma tana iya fitar da siffar da ba mulmulalliya ba. Injin juyi kuma yana ba da da'ira daidai, da bango siriri mai kauri ɗaya. Hanyoyin biyu sun haɗu a sanin itace: lokacin da ya dace a sare shi, inda jijiyarsa ta dosa, da yadda za a busar da shi a inuwa don kada ya tsage.

Duba kuma

Sassaƙa
Kafinta
Akushi
Turmi